Motar Yaya da idanun Baba

Motar Yaya ba ta da ƙara. Abin da mutanen unguwarmu a Mayahi suka fara riƙewa game da ita ke nan. Ranar da ya shigo da ita gari, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta kewaye ta, ta leƙa ƙarƙashinta, sannan ta ce ita kam ba ta shiga abin da ke tafiya kamar inuwa. Ƙarama ce, fara, an taɓa hawanta a wata ƙasa kafin ta zo hannunshi. Ba ta shan esansi, wato man mota. Kuran take ci, irin wanda ke kunna mana firigo da fanka. Ni kuwa tun ranar na ƙaunace ta, domin in mutum na cikinta yana jin duk abin da hanya ke faɗi: kukan kurciya, tsakuwa ƙarƙashin taya, sallamar mai amalanke.

Yaya ne ɗan fari a gidanmu, ni ce auta. Aikinshi gina fanfunan ruwa a ƙauyuka, kuma a shekarar da nake ba da labarinta an tura shi can arewa, bayan Agadas, inda rairayi ba ya ƙyale ƙaramar mota. Sai ya bar ta gida a hannuna, tun da ni kaɗai ke da permi, takardar tuƙi. Kafin ya tafi ya sa aka ja waya mai kauri daga kwantar, mitar wutar gidan, zuwa ɗakin ajiya, aka kafa mata priz, wurin soka igiya a bango, tata ita kaɗai. Daga nan igiyar caji ke tasowa, baƙa, doguwa, da wani akwati kamar rabin bulo a kusa da bango, wanda Yaya ya rataye a ƙusa. Igiyar ta bi ta ƙaramar taga ta sauka tsakar gida, ƙarƙashin bedi, inda motar ke kwana. Makullin ɗakin ajiya kuwa a ƙugun Inna yake, don nan hatsinmu yake. Saboda haka aikin ya rabu biyu ba tare da kowa ya raba shi ba: ni in soka kan igiyar a jikin mota, Inna ta shiga ta danna maɓalli a bango.

Inna ba ta faɗin sunan Yaya. Kunyar ɗan fari ce, irin ta mutanen da, kuma ita ta riƙe ta da hannu biyu. Tun ina ƙarama "wancan" take ce mashi. Da mota ta zo sai ya zama "mai motar". In ya kira a salula ba ta karɓa, amma sai ka ga aikin da take yi ya matso kusa da inda ake magana. Ranar da ya kawo motar, kowa na sa albarka, ita abin da ta ce shi ne a kauda ta daga hanyar awaki. Ba ta taɓa shiga ba.

Baba kuwa yanar ido ce ta rufe mashi gani. Shi da ya yi rayuwarshi a rumfar sayar da yadi, yana rarrabe shuɗi da shuɗi, ya dawo yana gane mu da takunmu. Ni "uwata" yake ce mani, don sunan mahaifiyarshi aka sa mani. A bazarar nan ne likitocin ido suka zo Maraɗi na ɗan lokaci, aka duba shi, aka ba shi rana. Sharaɗin shi ne ya kasance a gidan likita kafin la'asar ta wuce, a ƙara duba shi, ya kwana can, da safe a yi aikin. Safiyar nan ita ce ta ƙarshe, daga ita likitocin za su tafi. Ba wanda ya san yaushe za su dawo.

Lokacin ƙarancin esansi ne. Motocin tasha sun zama ɗaiɗai, wadda ta samu ta tashi da asuba take tafiya, mutane a danne kamar buhuna. Baba da ciwon baya, ga rashin gani, ba zancen kabu-kabu. Amma ni ban damu ba. Har wani ɗan alfahari nake ji a raina, duk gari na layin mai, mu tamu motar a bango take kiwo.

Ana gobe tafiya naƙuda ta kama matar maƙwabcinmu. Na kai ta wurin haihuwa, aka roƙe ni in ɗauko uwarta daga Kanan-Bakashe, na je na dawo. Ba abin da za a ƙi ba ne. Na shigo gida batirin ya yi ƙasa ƙwarai, na soka igiya, Inna ta danna maɓalli, ba abin da ya motsa. An ɗauke kuran. Bai dawo ba sai da gari ya waye.

Ina jin firigo ya yi ajiyar zuciyarshi na fito da gudu ko kallabi ban ɗaura ba. Allon motar ya haska, ya nuna amper goma sha shida, ƙarfin da ta saba ja ke nan. A ƙasa ya rubuta lokacin da za ta ƙoshi, na lissafa na ga kafin azahar mun samu abin da zai kai mu Maraɗi har da saura. Na shafa bayanta kamar yadda ake shafa goɗiya. Na koma na shiga haɗa kayan Baba: bargo, buta, tasbaha, hular da yake so.

Shi tun bayan sallar asuba ya yi wanka ya sa babbar riga. Ya zauna a tabarma a bakin zaure, sandarshi a kan cinya, fuskarshi na fuskantar inda yake jin motsina.

"Uwata, tana ci?"

"Tana ci, Baba."

"To madalla. A bar ta ta ci a hankali, kar ta ƙware."

Da hantsi na leƙa don in faranta raina kawai. Sai na ga goma. Na tsaya ina kallon lambar kamar in na ƙura mata ido za ta ji kunya ta koma inda take. Ina tsaye ta sauka shida. Lokacin da aka rubuta a ƙasa ya yi tsalle ya wuce magariba.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Kamar ka ɗora tulu a bakin fanfo, ruwa na zuba, ka juya baya, ka dawo ka tarar ɗigo ne ke sauka. Kuma duk mai zama garinmu ya san kuran bazara baƙo ne, ba ya sallama in zai tafi. Galibi in rana ta take yake ɗaukewa.

Na kira Yaya, ba rezo. Na aika mashi saƙon murya. Inda yake sai ya hau tudun rairayi yake samun salula ta kama, saboda haka magana da shi kamar jefa guga ce a rijiya mai zurfi, sai an jira. Amsar ta zo bayan na gama zagaye motar ban san sau nawa ba.

"Malama auta, kwantar da hankalinki. Wataƙila tansiyon ce ta faɗi, wutar ba ta isowa da ƙarfinta. Kashe duk abin da ke jan kuran a gidan. Firigo, fanka, dutsen guga, komi. Sannan ki duba."

Na bi ɗaki ɗaki ina kashewa. Gidan ya yi shiru, zafi ya sauko ya zauna. Na koma wurin mota. Shida.

A ƙarshen layinmu akwai mai walda, abokin wasan Baba ne tun suna samari, kawu muke ce mashi. Duk lokacin da ya kunna injinshi fitilun unguwa sai sun lumshe ido. Na yafa mayafi na tafi. Na same shi durƙushe kan wata ƙofar ƙarfe, wuta na tartsatsi.

"Kawu, ina kwana."

Ya ɗaga baƙin gilashin da ke fuskarshi. "A'a, direba! Yau jirgin naku bai tashi ba?"

Na gaya mashi. Ya yi dariya har da buga cinya.

"To ke ɗiyata, ba na gaya ma ubanki ba? Mota ba hayaƙi, ba tari, ba a tura ta, wannan ai ba mota ba ce, salula ce aka sa ma taya. Da jakina ya ara tun jiya da yanzu yana Cadawa."

Amma yana maganar yana naɗe wayarshi. Ya kashe injin, ya goge hannu a riga.

"Je ki. Yau ko allura ba na liƙawa sai kun tashi. Ki ce ma tsohon nan ya je a buɗe mashi ido ya zo ya ga yadda na fi shi kyau har yanzu."

Na dawo da sauri, zuciyata cike da sa rai. Shida.

Na aika wani saƙon. Yayin da nake jira na tuna yadda muke yi da salula in ta rikice, na zare kan igiyar daga jikin mota, na ɗan dakata, na mayar. Goma sha shida! Na kusa yin guɗa. Na tsaya a wurin, hannuna kan ƙofa, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ba a jima ba ta sauka goma. Sannan shida, kamar mai ciwo da ya yunƙura ya tashi ya koma ya kwanta.

"Uwata," in ji Baba daga zaure. "Na ji takunki ya sake."

"Ba komi, Baba. Tana ɗan yanga ne."

Can ya ce, a hankali, kamar da sandarshi yake magana: "Na saba da duhun nan, kin sani. In ba a samu ba, ba laifin kowa ba ne."

Wannan maganar ta fi komi tsorata ni. Na san Baba. In yana son abu ƙwarai, sai ya fara sallama shi tun kafin a hana shi. Daren jiya kawai yake tambayata ko bedin tsakar gida ya kai tsawon katanga, don rabonshi da ganinshi tun bedin yana ƙarami. Na shiga bayan ɗaki na share hawaye da gefen mayafi, don ko shessheƙa ɗaya na yi zai ji.

Saƙon Yaya ya shigo, iska na kaɗawa a bayan muryarshi.

"Kin ce in kin zare kin mayar tana farawa da ƙarfi sannan ta sauka? To ba tansiyon ba ce. Zafi ne. Wani abu na yin zafi, shi ne take rage ci don kar ya ƙone. Taɓa kan igiyar wajen mota. Sannan ki shiga ki taɓa priz, amma bayan hannu za ki sa, kar ki kama ƙarfe."

Kan igiyar wajen mota lafiya lau, yana inuwar bedi. Na nufi Inna, tana bakin murhu tana dama furar da za mu tafi da ita.

"Inna, ba ni makullin ɗakin ajiya."

"Mi za ki yi?"

"Priz zan taɓa."

Ta tashi da kanta ta buɗe, ta tsaya a bakin ƙofa. Ɗakin rufin kwano ne, ina shiga zafi ya rufe ni kamar an kifa mani tukunya. Na sa bayan hannu a priz. Da ɗumi, amma ba abin tsoro ba. Na fito, Inna ta mayar da ƙofa ta rufe. Na gaya ma Yaya priz ƙalau take.

Rana ta yi sama. Inuwar bedi ta tattare ta dawo gindinshi. Na zauna cikin motar, ƙofa a buɗe, ina kallon lambar nan shida. Na tuna yadda nake jin daɗin shirun motar nan, yau kuwa shirun ne ke cina. Da mai inji ce da ta yi tari ko ta yi hayaƙi, a san inda ke mata ciwo. Wannan ta yi lamo kawai, kamar yarinyar da aka ɓata ma rai ta ƙi faɗin wanda ya taɓa ta. Na fara lissafin abin da ba ya lissaftuwa: in kuran ya kai la'asar, in likitoci sun yi jinkiri, in hanya ta gajarta don tausayi.

Salula ta yi ƙara.

"Akwatin fa? Ba ki ce mani komi kan akwatin ba. Fitilar jikinshi wace kala take nunawa? Kore ko ruwan goro?"

Akwatin. Na rufe ido na sake ganin ɗakin ajiya kamar yadda na gan shi ɗazu: priz, igiya ta sauka, buhunan hatsi. Da ƙusa a bango. Ƙusar ba komi a jikinta.

"Inna, makullin."

"Ba yanzu kika fito ba?"

"Inna, don Allah."

Wannan karon ta ɗan jima tana kwance shi daga ƙugu. Na shiga na kama igiyar daga priz na bi ta da hannu. Ta sauka bayan buhuna. Na ja buhu ɗaya gefe, na ga faifai a kife. Na ɗaga faifan.

Wata jaka ce, ta saƙi, shuɗin da ya koɗe har ya kusa zama kalar sararin asuba. An ɗinke ta da hannu, ɗinki ƙanana a jere kamar sahun tururuwa. An cusa mata auduga tsakanin ninki biyu, ta yi laushi kamar matashin jariri. Bakinta biyu, igiya ta shiga ta nan ta fita ta can, kowane baki an zuge shi da zare an ɗaure. Na kai hannu na janye. Zafinta kamar burodin da aka fiddo yanzu, ga warin roba na tashi.

Na kashe maɓallin bango tukuna. Sannan na kwance zaren, na zaro akwatin da gefen zanena. Kafin wutar jikinshi ta mutu na ga ƴar fitilar na ƙyafta ruwan goro.

Inna na tsaye a bakin ƙofa, ludayi a hannunta.

"Ɓeraye ne," ta ce, ban tambaye ta ba. "Da idona na ga ɗaya na tafiya kan igiyar. Ga ƙura na zubowa daga rufi. Abu a rataye tsirara haka nan. Kayan mutane ne, an bar mana amana."

Kayan mutane. Ɗanta take nufi.

Na dube ta, na dubi jakar. Na san idanun Inna ba su son zare da allura yanzu, sai na zura mata. Wannan ba ta kawo mani na zura ba. Ita kaɗai ta zauna ta yi, a ɓoye, ban san kwana nawa ba. Duk cajin da na yi a watannin baya da sanyin safiya ne ko da yamma, kuma na ɗan lokaci, shi ya sa abin bai taɓa nunawa ba. Yau ne aka haɗa mashi rana da kwano da auduga.

Maganganu da yawa suka taso mani, masu zafi, don tsoro ya cika ni tun safe yana neman wanda zai zuba ma. Na haɗiye su.

"Inna, akwatin nan ta jikinshi yake shan iska. In yana aiki zafi yake yi, kamar mai daka. In an lulluɓe shi sai ya rage aiki don kar ya ƙone."

Na ga ludayin ya sauka a hankali har ya taɓa zanenta.

"Ashe ni ce," ta ce. "Tun safe kina ta zarya, ashe ni ce. In idon ubanki ya..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta ajiye ludayin a kan buhu, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗauki faifan nan da ta rufe jakar da shi, ta durƙusa gaban akwatin ta fara yi mashi fifita.

Na mayar da shi ƙusarshi, kusa da taga. Na buɗe ƙofar har bango na tokare ta da turmi. Na ɗauko fankar ɗakin Baba, wadda na kashe da hannuna ɗazu, na kafa ta tana hura shi. Inna ta ɗebo ruwa za ta yayyafa, yadda take yi ma gindin randa, na riƙe hannunta na ce a ƙasa kawai, can nesa da bango. Ta yayyafa a ƙasa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi ya kori warin roba. Duk da fanka na juyawa ba ta daina fifitar ba, ni kuma ban hana ta ba.

Jiran ya huce shi ne mafi wuya, don duk lokacin nan mota ba ta cin komi, kuran kuwa na iya tafiya. Ina taɓa shi da bayan hannu kamar goshin mai zazzaɓi. Da na ji ya dawo ɗumin jikin mutum na ce bismillah na danna maɓalli. Fitilar ta kama kore. Na ruga waje. Goma sha shida.

Ban yarda ba. Na tsaya ina jiran ta sauka kamar ɗazu. Na ƙirga numfashina har na ɓata lissafi. Tana nan. Kaza ta zo ta wuce, inuwa ta ɗan gusa, tana nan.

"Uwata?"

"Tana ci, Baba. Da gaske yanzu."

"Na ji," ya ce. "Takunki ya dawo."

Yaya ya aiko yana tambayar mi aka gano. Inna ta ji daga cikin ɗaki, ta ɗago kai.

"Kar ki gaya mashi."

Na danna salula na ce: "Akwatin ne ya yi zafi, Yaya. Mun sa mashi fanka." Ba ƙarya a ciki.

Aka kira azahar muka yi salla ɗaya bayan ɗaya, don kar a bar akwatin shi kaɗai. Ina sallamewa fanka ta fara rage gudu, ta juya, ta juya, ta tsaya. Kuran ya tafi.

Na je na duba allo. Nisan da motar ta ce za ta iya ya ɗara nisan Maraɗi, amma da kaɗan, irin kaɗan ɗin da iska mai ƙarfi ko ramukan hanya za su iya cinyewa. Da ba a yi asarar hantsin nan ba da ba haka ba. Na gaya ma Baba gaskiya, na ce tana iya mutuwa da mu a daji.

Ya dafa sandarshi ya miƙe, ya gyara babbar riga.

"In ta mutu mun sauka mun zauna gindin gawo. Ai ba yau na fara zama ba. Mu tafi."

Na naɗe igiyar don in yi caji gidan goggonmu a Maraɗi. Ina ƙoƙarin cusa akwatin ƙarƙashin kujera sai ga Inna, jakar a hannunta, ba ta kallona.

"In ba aiki yake ba, ana iya sa mashi?"

"Ana iya, Inna. Ya ma fi."

"To sa shi. Hanya da girgiza."

Na sa shi, na zuge zaren. Ya zauna ciki daidai, kamar an gwada.

Ban kunna sanyin mota ba, don shi ma daga batiri yake ci. Muka sauke gilasai, iskar bazara na shigowa kamar daga bakin tanda. Na riƙe tafiya a hankali, gudun da ba ya cin wuta. Manyan motoci na danna mana oda suna wucewa. Gonaki a share, fari fat, suna jiran ruwa. Baba na jan tasbaha, ni ido ɗaya a hanya ɗaya a lamba. Kowane ƙauye muka wuce sai in cire shi daga lissafi in ga abin da ya rage. A Cadawa, inda muka hau babbar hanya, tazarar da ke tsakanin abin da muke da shi da abin da muke buƙata ta ƙara matsewa.

"Mi kike gani?" in ji Baba.

Na san ba lambar yake tambaya ba. Sai na shiga ba shi labarin hanya: mata da itace a ka, raƙumi na cin ƙaya, wani gawo da ya yi ganye shi kaɗai a fili. Maganar ta riƙe ni kamar yadda ta riƙe shi.

Muna hango gidajen farko na Maraɗi fitila ruwan goro ta kama. Cikin gari sai wani ɗan hoton kunkuru ya fito a allo, motar ta rage ƙarfi da kanta, ko na taka ba ta ƙarawa. Masu babur na zagaye mu. Haka muka rarrafa har ƙofar gidan likita, ladan na kiran la'asar a masallacin da ke gefe. Na kama hannun Baba muka shiga. Da wata ma'aikaciya ta ce mu zauna za a kira shi, na zaunar da shi a benci, ni na zauna a ƙasa kusa da shi.

An yi aikin da safe, ido ɗaya tukuna. Washegari aka cire bandeji. Ba zan iya rubuta wannan ba, na gwada sau da yawa. Abin da zan iya faɗi shi ne ya daɗe yana kallona, sannan ya ce na yi rama.

Ranar komawa, a tsakar gidan goggo, motar ta ƙoshi, na zare igiya ina mayar da akwatin cikin jakarshi. Baba na zaune a kujera da baƙin tabarau da aka ba shi.

"Kawo in gani."

Na miƙa mashi. Ya ɗaga tabarau kaɗan, ya kai jakar kusa da idon da aka gyara, ya juya ta, ya murza saƙin tsakanin yatsu.

"Ina kika samu wannan?"

"Inna ta ɗinka."

"Zanen goyon yayanki ne," ya ce. "Ni na sayo shi kasuwar Tasawa, yana cikin ciki. Na ɗauka ya daɗe da ƙarewa."

Ya riƙe ta a cinya har muka iso Mayahi.

Yaya ya dawo da ruwan farko. Ya buɗe bayan mota ya ga jakar, ya ɗaga ta yana dariya, ya ce wa ya yi ma cajarshi riga. Inna na wucewa da ƙwaryar tsaba, ba ta tsaya ba, ba ta dube shi ba.

"Wani tsumma ne na tsinta ƙasan adaka," ta ce ma iska. "A ce ma mai motar ya riƙa cire ta in zai sa wuta."